Kafin Katafila Ta Iso Bakin Kogi

[Hoton da ke yawo a waya: katafaren filin wasa da fitilu a bakin ruwa]

Jama'a, na san wannan hoton ya shigo wayarku. Ni sau huɗu aka turo mini shi a yini ɗaya, har a rukunin danginmu na WhatsApp, inda ba a saba maganar komai ba sai biki da suna da ta'aziyya. Katafaren filin ƙwallo, fitilu tar kamar tsakar rana, ga Kogin Kaduna yana sheƙi a gefensa. Bari mu fara kawar da shakku: kwamfuta ce ta zana shi. Ba a haƙa harsashi ba, ba a sare ko reshe ɗaya ba. Gardamar da ya tayar kuwa ta gaske ce, ita ce ta sa muka ɗauko kyamara muka gangaro nan.

Mutane sun rabu gida biyu. Akwai masu cewa a gina, garin ƙungiyar ƙwallo ta Ranchers Bees ya cancanci fili na zamani, matasa za su sami aiki, baƙi za su cika otal. Akwai masu cewa kul, wannan ɗan wurin shan iskar kaɗai ya rage wa talaka, a bar mana shi. Na karanta maganganun ɓangarorin biyu har idona ya yi ja, sai na lura da wani abu. Na farko suna cewa, "Ai ƙasa ta gwamnati ce, in ta ga dama ta gina, surutunku ba zai hana ba." Na biyu suna cewa, "Su zo mana, ranar da katafila ta iso za su ga mutane." Dukkansu a wuri ɗaya suka yi tuntuɓe. Dukkansu sun ɗauka ranar katafila ce ranar magana.

[Ƙofar Gamji, bishiyoyi, yara a kan lilo, tsohuwar gadar ƙarfe]

Ga wanda ba ɗan gari ba, irin wurin da ake magana a kai ke nan. Wannan lambun Janar Hassan Usman Katsina ne, wanda kowa ya fi sani da Ƙofar Gamji. Waccan gadar ƙarfe ta ƙafa a Zungeru aka fara kafa ta a 1904, zamanin Lugga, daga baya aka ɗauko ta aka kawo nan. Duk wanda ya tashi a Kaduna yana da hoton Sallah ɗaya a wannan wuri, da sabon ɗinki da tabarau. Ku ɗan saurari ƙarar ruwan.

Yanzu mu bi matakan da babban aiki irin wannan yake bi, da sauri, don ba nan matsalar take ba.

Wani ya kawo shawara, gwamnati ko ɗan kasuwa. A nemi fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka yi a mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Wannan gaskiya ne, masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba. Sai dai sashe na farko na dokar da kansa ya ce riƙon amana ne, domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Amana aka ce. Gwamna yana da ikon soke takardar mallaka saboda buƙatar jama'a, a biya diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. A nan Kaduna takardun fili suna hannun hukumar filaye ta KADGIS, izinin gini yana hannun hukumar tsara birane ta KASUPDA. Masu zane su zana, a yi lissafin kuɗi, a ba da kwangila, katafila ta shigo.

Kun ga na tsallake wani abu? Yawancinmu haka muke tsallake shi. Tsakanin zane da katafila akwai mataki guda, kuma a kansa za mu zauna.

[Tarin takardu masu kauri a kan tebur]

Tun 1992 Najeriya take da dokar tantance illar aiki ga muhalli, wadda ma'aikata ke kira EIA. Abin da ta ce a taƙaice: duk aikin da zai iya taɓa muhalli sosai, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, ba a fara shi sai an bincika me zai jawo wa ƙasa da ruwa da iska da mutanen wurin. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke duba aikin ta sa shi a rukunin da ya dace, kuma wurin da za a yi shi yana cikin abin da take dubawa. Ginin da zai wuce salin-alin a kan tudu, in aka kawo shi bakin kogi sai bincikensa ya ƙara nauyi.

Mai aikin ne ke ɗaukar ƙwararru su yi binciken, shi ke biyansu. Ku riƙe wannan a ranku. Ban ce maƙaryata ne ba, da yawansu mutanen kirki ne masu ilmi. Amma wanda ya biya kuɗin kiɗa yana da ta cewa a kan waƙa, shi ya sa dokar ba ta bar maganar a hannunsu su kaɗai ba. Sashe na 7 ya ce kafin hukuma ta yanke shawara, dole ta ba jama'a da ƙwararru da ƙungiyoyi dama su tofa albarkacin bakinsu a kan rahoton.

Ga yadda ake yi. Idan rahoton ya kammala, sai a baje shi a fili na tsawon ranakun aiki 21. Ranakun aiki, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, wato kusan wata guda. Ana ajiye kwafi a ma'aikatar tarayya a Abuja, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da sakatariyar ƙaramar hukumar da aikin ya shafa. Ana sa sanarwa a jarida da rediyo. Kowa yana da ikon zuwa ya ce a ba shi ya karanta. Ba a tambayar digiri, ba a tambayar katin jam'iyya. Ka karanta, ka rubuta ƙorafinka, ka sa hannu, ka miƙa. Bayan nan kwamitin ƙwararru ya zauna a kan rahoton, a manyan ayyuka har a kira taro a bainar jama'a, sannan a yanke: a amince, ko a amince bisa sharuɗɗa, ko a ce a koma a sake, ko a ƙi.

To ina tuntuɓen? Wannan kwana 21 ɗin yana zuwa ya wuce shiru kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Sanarwar tana fitowa a can cikin jaridar Turanci, a ƙaramin akwati kusa da tallan canjin suna. A rediyo a karanta ta, wataƙila lokacin kana kasuwa. Rahoton ya zauna a kan teburin wani ofis, ƙura ta hau shi, babu wanda ya buɗe. Ranar ta 21 ta cika, a rubuta cewa an baje, ba a sami ƙorafi ba. Bayan shekara guda katafila ta iso, mu fito da kwalaye da alluna muna ba mu yarda ba. A lokacin an sa hannu a kwangila, an biya kuɗin somin-taɓi, ɗan kwangila ya ɗauko hayar injuna yana biya kullum. Duk wanda ke da ikon tsayar da aikin a ranar, tsayarwar asara ce a wurinsa. Wata guda kafin a amince kuwa, canza wuri bai wuce a sake zane a takarda ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka iyayenmu suka ce, kuma ɗanyen iccen aikin gwamnati shi ne wannan watan.

[Gonar fadama a bakin kogi, dattijo yana ban ruwa da injin]

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko muhimmanci a wurina: in ka je, me za ka rubuta?

"Ba ma so" ba ya tsayar da kwamiti. Su ma suna da takardar wasu da suka ce suna so. Abin da ke tsayar da su shi ne ka nuna musu abin da rahoton bai gani ba. A nan ne mutumin bakin kogi ya fi injiniyan da ya zo daga nesa ya kwana uku ya koma.

Wannan dattijon da kuke gani noman rani yake yi a nan tun kafin a haife ni: alayyafo, latas, tumatir, ɗan masara. Na gaishe shi, na ce, "Baba, in damina ta yi nisa, ina ruwa yake tsayawa?" Bai ce mini komai ba. Ya ajiye fartanya, ya kama hanya, na bi shi. Muka wuce gonarsa, muka wuce ta maƙwabcinsa, muka haura har gindin wancan mangwaron. Ya ɗora tafinsa a jikin bishiyar daidai ƙirjinsa, ya ce, "Nan, ɗana. Shekarar da ya yi fushi kuwa, har sama da nan." Ku dubi nisan da muka yi daga bakin ruwa. Ku dubi inda mai kyamara yake tsaye.

Abin da hoton kwamfuta ya nuna a matsayin fili fetal wanda ba kowa, yana da mai shi. Kogi ne mai shi. Wata takwas ko tara yana ba mu aro, mu yi noma, mu yi wanki, yara su buga ƙwallo, masu yashi su ɗiba. A watan Agusta da Satumba sai ya zo karɓar kayansa. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya tattaro ruwan ƙasa mai faɗi kafin ya ratsa garin nan ya nufi Shiroro, ya je ya faɗa Neja. Shi ya sa wani lokaci sama tana garau a Kaduna amma ka ga kogi yana cika, ruwan da aka yi a can gabas ne ya iso. Fadama ita ce ɗakin da yake sauke wannan baƙon.

Mu yi ɗan lissafi tare, ba mai wuya ba ne.

[Zane a kan allo]

Filin da ake buga ƙwallon kansa mita 105 ne a tsawo, 68 a faɗi. Bai kai hekta ɗaya ba. Da a ce shi kaɗai ne, da ba mu tsaya nan muna magana ba. Amma filin wasa na zamani yana tafe da rakiya: wurin zaman 'yan kallo, wurin ajiye motoci, hanyoyin shiga da fita, filin atisaye, shaguna, katanga. Mu ƙaddara duka ya ci hekta 10, misali ne kawai. Ba mai hankalin da zai gina a fadama bai yi ciko ba, don haka tifa za ta yi ta zuba jar ƙasa har wurin ya tashi. Mu ce mita ɗaya kacal. Hekta 10 murabba'in mita 100,000 ne. In ruwa ya saba kwanciya a wurin da zurfin mita ɗaya, ka kori lita miliyan 100 daga masaukinsa. Tankar mai ta lita 33,000 da kuke gani a hanyar matatar mai, sama da guda 3,000 ke nan.

Ruwan nan ba ya ɓacewa don an yi ciko. Filin wasan zai zauna a bushe, wannan ba shakka, injiniyoyi sun iya aikinsu. Ruwan ne zai nemi wani wurin, ya haye ɗaya gaɓar, ko ya gangara ƙasa da ƙarin ƙarfi, ko ya tokare bakin magudanun da ke zubowa daga unguwanni har su riƙa komawa da baya. Wanda zai karɓi baƙon shi ne mai gidan da ya fi kowa gangare, wanda galibi shi ne ya fi kowa rashin ƙarfi.

Ban ma sa ruwan sama a lissafin ba. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Ruwan dare ɗaya mai milimita 50 a kan hekta 10 lita miliyan 5 ne, jarka 200,000 irin ta 'yan ga-ruwa. Ƙasa mai ciyawa da bishiya tana shanye wani, ta riƙe wani, ta saki saura a hankali. Siminti da kwalta ba sa shan ko cokali, gaba ɗaya suke turo shi a lokaci guda.

[Tsofaffin hotunan ambaliya: rufin gidaje, kwalekwale a kan titi]

Mutanen Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. Wanda ya ga Agustan 2003 bai manta ba. Kigo Road, Bashama Road a Tudun Wada, Nasarawa, Kabala, gangaren Unguwar Rimi, sassan Barnawa, sunayen da muke ji kusan duk damina. Bari in yi shiru hotunan su wuce.

Wannan bangon ɗakin gwaggona ne. An yi fenti sau biyu tun lokacin, amma ku matso da kyamara, ga layin nan yana nan, launin ƙasa-ƙasa, ya zagaye ɗakin kamar an ja shi da igiya. Daren da abin ya faru a kan kabad ta ɗora jikokinta biyu, ita ta tsaya a cikin ruwa tana riƙe da su har gari ya waye. Buhun masara uku, keken ɗinki, takardun makarantar yara, duk suka tafi. Har yau in aka yi tsawa da dare ba ta komawa barci. In na ji ana cewa masu adawa da gini a bakin kogi maƙiya ci gaba ne, ita nake tunawa, kuma raina yana ɓaci.

Wannan layin na bango hujja ce. Tafin Baba a jikin mangwaro hujja ce. Irin su ake kaiwa a cikin kwana 21.

In kun karɓi rahoton, kada kaurinsa ya tsorata ku. Da Turanci yake, yakan kai shafi ɗaruruwa, amma doka ta ce a sa taƙaitaccen bayani wanda mutum zai gane ko ba ƙwararre ba ne, daga nan za ku fara. Ku tafi da yaranku da suka yi karatu, ga Kaduna Poly, ga jami'ar jiha ta KASU, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, garin nan bai rasa masu sanin ruwa ba. Abu na farko da za ku nema: yaushe aka yi awon? Bisa ƙa'ida babban aiki yana bukatar bayanan rani da na damina. In duk awon a watan Fabrairu aka yi, lokacin da yaro ke tsallaka wani sashen kogin a kan duwatsu, kun sami abin rubutawa. Sannan ku duba ko an auna wasu wurare kafin a zaɓi wannan, domin doka ta ce a bayyana zaɓin da ake da shi, har da dalilin da ya sa aka bar tudu aka zo fadama. Daga ƙarshen rahoton kuma akwai sunayen waɗanda aka ce an tuntuɓa. Ku karanta su ɗaya bayan ɗaya. In babu manomin fadama ko ɗaya, babu masunci, babu mai unguwar gangare, babu mace ko ɗaya, ku rubuta haka ɗin, da sunan unguwarku.

Ku yi kwafi biyu. Ku miƙa ɗaya, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan, ku koma da shi gida. Wannan hatimin ƙaramin abu ne amma kada ku fito ba shi. In an ce rahoton ba ya nan, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku ikon nemansa a rubuce daga ma'aikatar tarayya, kuma kwana 7 doka ta ba ta ta amsa.

Ba zan yaudare ku ba, takarda ba ta da tabbacin tsayar da aiki. Akwai ayyukan da aka fara a ƙasar nan ba a ma yi binciken ba, ko aka yi shi bayan gini ya yi nisa. Amma in magana ta kai kotu, alƙali zai tambaya: da aka ba ku dama, me kuka ce? Mai hatimi yana da amsa. A 2018 ma Kotun Ƙoli, a wata shari'ar malalar mai, ta yarda ƙungiya mai zaman kanta tana iya shigar da ƙara kan ɓarnar muhalli don kare jama'a, ƙofar da a da take da wuyar shiga.

[Taswira: Amurka, birnin Shikago a bakin tafki]

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke wannan rigima. A Shikago, wata ƙungiyar masu kare lambunan birni mai suna Friends of the Parks ta kai ƙara a 2014 kan wani katafaren gidan tarihi da wani attajiri ya so ginawa a bakin Tafkin Mishigan. Hujjarsu ita ce ƙasar bakin ruwa amanar jama'a ce. A 2016 ya haƙura, daga baya ya kai aikinsa Los Anjalas. A 2024 ƙungiyar wasa ta Chicago Bears ta fito da nata zanen sabon fili a bakin tafkin, masu adawa suka sake miƙewa. Abin lura, tun aikin yana kan takarda suke tashi.

Ra'ayina? Ni ɗan ƙwallo ne, gidan kallo ya san ni. A filin wasa na Ahmadu Bello aka buga wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, aka sake na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, kuma ina so 'ya'yana su ga irin wannan rana a garinsu. A ba mu fili na zamani, mu cika shi. Amma Kaduna ba ta rasa tudu ba, gari yana ta faɗaɗa ta kowace kusurwa. Mun kuma ga yadda babban filin wasa na Surulere a Legas ya shekara da shekaru yana lalacewa, gini ba wuya, riƙo ne aiki. Filin wasa ana cika shi ranar wasa, a rufe ƙofa sauran kwanaki, a shiga da tikiti. Inuwar bakin kogi kullum a buɗe take ga mai keken da ya gaji, da ɗalibi mai haddar jarrabawa, da amarya da ango masu ɗaukar hoto. Bishiyar da ta shekara 60 kuma ba a sayo ta a kasuwa.

[Komawa bangon ɗaki, hannu yana riƙe da tef ɗin awo]

Don haka ga aikin da nake roƙon ku, tun babu wani zane a teburin kowa. Ku gaya wa mai unguwa da limami da fasto da shugaban matasa, duk wanda ya ji sanarwar baje rahoton muhalli a rediyo ya sanar da jama'a a ranar. A sami mutum ɗaya a unguwa mai leƙa allon sanarwa na sakatariya in ya bi ta wajen. In gidanku yana da irin wannan layin, kada ku yi saurin shafe shi da fenti. Ku kawo tef.

Gwaggo, riƙe mini nan ƙasa. Yawwa. Mita ɗaya da santimita 20.

Ku ɗauki hoto da tef ɗin a jiki, ku wanke shi, ku rubuta shekarar da sunan layinku a bayansa, ku sa a cikin takardun gida.